Baffana Mai Fenti da Zanen Iya

Wanda ya ba mu Baffa ya karɓi abinsa ranar Talata da hantsi, ana yayyafi. Daga gare Shi muka fito, can kuma za mu tarar da Baffa in namu lokacin ya yi. Yau kwana arba'in ke nan, mutanen rumfarsa sun matsa mini wai ni ce na yi boko, in rubuta wani abu kada a manta da shi. To, na zauna zan rubuta. Amma in gaya muku tun yanzu, ni ba na iya lallaɓa magana. Abin da na gani shi zan faɗa, har da wanda bai yi mini kyau ba.

Kafin a fito da gawa lungunmu na Gangaren Tudu ya toshe. Direbobi sun jera manyan motoci a bakin titi, kowace da zanen zakin Baffa ko mikiyarsa a bayanta, har sai da mai unguwa ya aiko a matsar da su. Masu ta'aziyya kuwa suka rabu biyu ba tare da wani ya raba su ba. A tabarmin ƙofar zaure dangi ne da malamai, kowa da carbinsa. A tsallake, gindin mangwaro, ga 'yan tasha, ga kafinta, ga mai hoto, ga wasu fuskokin da ban taɓa gani ba, wasu daga Agwada, wasu tun daga Jos. Ta kafar ƙofa nake leƙe. Na ga wani ƙaton direba, wanda ko birki ya tsinke masa ba ya ɗaga murya, ya rufe fuska da hula yana kuka. Na kuma ji wani dattijo a tabarmar dangi yana cewa mutumin kirki ne, sai dai Allah ya yafe masa abin da hannunsa ya aikata. Aka amsa da amin ƙasa-ƙasa. Wallahi da ba don Inna, matar Baffa, ta danƙe mini hannu ba, da na fita na tambayi tsohon nan abin da nasa hannun ya taɓa tsinanawa.

Baba, mahaifina, shi ne wan Baffa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne limamin masallacin unguwarmu. Shekara goma sha ɗaya ba abin da ke haɗa su sai sallama. Kowa ya zuba ido ya ga ko zai sallace shi. Ya sallace shi. Daga cikin gida muna jin kabbarorinsa, muryar ko rawa ba ta yi ba. Da aka dawo daga maƙabarta ya tsaya a bakin ƙofar shiga tsakar gida, bai shigo ba, ya yi magana yana kallon bango kamar yadda ya saba in da ni yake.

"A gaya wa mai riƙe da makullin shago, jibi in an watse daga sadakar uku zan je can. Akwai abin da za a ƙona."

Makullin yana ɗaure a haɓar zanena. Na kuma san abin da za a ƙona. Zanen fuskar Iya ne, kakata, uwarsu su biyu. Iya ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, duk duniya babu abin da ya rage mai kamanninta sai katakon nan guda.

Ni ce 'yar farin Baba, don haka tunda aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa kallon tsabar idona ba. Iya ce ta yaye ni. Da Baffa ya dawo gida daga yawonsa ya yi aure, Allah bai ba su haihuwa ba, sai aka miƙa musu ni. Sunan Iya aka sa mini, shi ya sa Baffa ke kirana Uwata. Shi ya kai ni makaranta da hannunsa, shi ya aurar da ni, ranar da na fara koyarwa a firamare kuma shi ya rubuta mini sunana a murfin akwatin littattafai da jan fenti. In ana maganar uba, ni shi na sani. Zuciyar nan tawa mai saurin hawa ma Inna cewa take a wurinsa na ɗauko, ko da yake shi tasa ba ta tashi sai shekara-shekara, tawa kuwa kullum a tsaye take.

Gidanmu gidan zayyana ne. Kakanmu shi ke yi wa allon masu sauka ado, ya kuma koya wa 'ya'yansa biyu. Baba ya tsaya a kai. Har yau in an yi sauka a unguwar nan shi ke zayyana allon, in ka ga layinsa sai ka rantse da ma'auni ya ja shi. Baffa kuwa tun yana ƙarami aka kama shi ya zana jakin maƙwabci a bayan allo, har da gyambon da ke gadon bayansa. Ya sha bulala, bai daina ba. Da ya zama saurayi ya bi motar Jos.

Ba ya ba da labarin shekarun nan a jere. Sai yana cikin dama fenti zai jefo maka guntu. Ya yi leburanci a ramin kuza, can ya kwaso tarin da bai taɓa rabuwa da shi ba. Ya yi karen mota tsakanin Jos da Kaduna har ya faɗo daga saman kaya ya karya ƙashin wuya. Ya yi wanki da guga a gidan wani Bature, aka kore shi don ya ƙona kwalar riga. A ƙarshe ya samu gadi a wani gidan sinima, inda wani mutumin kudu ke zana allon tallan fim a bakin ƙofa. Wata uku Baffa yana zaune da kulkinsa yana kallo. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da mutumin, sai Baffa ya ajiye kulki ya ɗauki buroshi. In aka tambaye shi yadda aka yi ya zaɓi fenti, sai ya ce shi bai zaɓa ba, sauran sana'o'in ne suka yi ta korarsa ɗaya bayan ɗaya.

Ya dawo Keffi gab da samun 'yancin kai, ya kama shago da rumfa a gefen tasha. Shi ya zana tuta a bangon makarantarmu da ƙofar kasuwa. Koren fenti ya ƙare a gari, ya riƙa haɗa shuɗi da rawaya, kowane bango da irin nasa koren, ba wanda ya lura sai shi, kuma ya yi shekaru yana jin haushin abin. Yana gwada launi a farcen babban yatsansa na hagu. Zaki daga wutsiya yake fara shi, wai in ya fara da kai sai zakin ya riƙa hararar sa ya hana shi aiki. Ba ya yarda mai shan rake ya tsaya a bayansa. Ko ranar Sallah, ya sha wanka da turare, in ka karɓi goro daga hannunsa sai ka ji kananzir.

Da Baba ya ji ƙanensa na zana abubuwa masu rai a bayan motoci, ya je rumfar da ƙafarsa. Ina nan, na kai abinci. Bai yi faɗa ba. Ya tunatar da shi abin da suka karanta tare, cewa duk wanda ya zana mai rai, ranar hisabi za a ce ya hura masa rai, kuma ba zai iya ba. Baffa ya ce to, da me zai ci abinci? Suka daɗe. A ƙarshe Baba ya ce akwai sauƙin da wasu malamai suka yi: in aka raba kai da gangar jiki, abin ya tashi daga mai rai. Suka yi alkawari a kan haka. Daga ranar duk abin da Baffa ya zana mai numfashi, in ya gama sai ya ɗauki siririn buroshi ya ja farin layi a wuyansa, daga wannan gefe zuwa wancan.

Ya riƙe alkawarin nan fiye da yadda kowa ya zata. Direbobi sun yi ta ƙorafi, wai don me za a ba su yankakken zaki. Ya ce wanda bai so ya tafi Jos. Wata rana mai abincin tasha ta ce a zana mata kifi a allon shagonta. Baffa ya gama kifi, ya tsaya da siririn buroshi a hannu tun hantsi har rana ta take, ya rasa inda wuyan kifi yake. Sai da ya aika aka sayo masa tarwaɗa ya jujjuya ta, sannan ya ja layinsa a bayan kunne. Daga baya layin ya zama kamar sa hannunsa. Ko a Lokoja ka ga mota da zaki mai farin zare a wuya, ka san daga rumfar Baffa ta fito.

Sai Iya ta rasu. Bayan arba'in Baffa ya rufe kansa a shago mako guda, yana shiga da safe ya fito da la'asar, ba ya karɓar aikin kowa. Rana ta takwas ya fito da katako naɗe a tsohon zanen Iya, ya ce in biyo shi gidan Yaya, wato Baba. A zaure muka same shi. Baffa ya jingina katakon a bango ya yaye zanen, ni sai da na ja da baya. Iya ce zaune. Ga tsagar kumatunta, ga wushiryarta, ga ɗaurin kallabin nan nata da ke karkacewa hagu, har da yadda take ɗan runtse ido ɗaya in tana shirin yi maka tsiya. Daga ka ya zana ta, ba ya kallon komai.

Baba ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Ina layin?"

Sai da ya maimaita.

"Yaya," in ji Baffa, "cewa kake in sa wa Iya wuƙa a wuya?"

Baba ya ce alkawari ba ya ware uwa, kuma azabar da yake gudar masa ba ta san Iya ba. Baffa ya ce ya yanka zaki, ya yanka doki, ya yanka kifi don a zauna lafiya, amma wannan hannun nasa ba zai iya ba, ko za a sa shi a wuta. Maganar nan ta wuta ita ta ɓata komai. Baba ya miƙe ya ce muddin zanen nan na nan ba layi, ƙafarsa ba za ta ƙara taka gidan Baffa ba, kuma tsakaninsu sai sallamar da addini ya wajabta. Baffa ya naɗe katakonsa muka fito. A hanya tari kawai ya yi ta yi.

Haka aka yi shekara goma sha ɗaya. Baffa na bin Baba salla sau biyar a rana, a sahu na biyu, bai taɓa fashi ba in yana gari. In an sallame kowa ya nemi takalminsa. Da Sallah ana aika tuwo daga nan zuwa can, daga can zuwa nan, kwanuka su dawo a wanke. Dattawa sun shiga maganar har sun gaji. In akwai saƙon da ba makawa, ni ce ɗan aike, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa gefen da nake ba.

Ranar Laraba, washegarin rasuwar, mutanen rumfa suka aiko in fito ƙofar baya. Su uku ne. Ya kamata in gabatar da su, don Baffa kan ce su ne danginsa na rana.

Kafinta mutumin Eggon ne, Kirista, shi ke haɗa wa Baffa katako da firam. Soja ya yi, ya bar yatsu biyu a yaƙin basasa, ya dawo ya koyi sassaƙa da takwas ɗin da suka rage. Mai hoto haifaffen Keffi ne amma iyayensa daga ƙasar Yarabawa suka zo. Shekara tara yana malamin allura a wani ƙaramin asibiti, sai ya ce ya gaji da mutane na ganinsa suna kuka, gara aikin da za a gan shi a yi murmushi. Ta ukun Bafulatana ce daga wata ruga ta wajen Panda. Tallan nono ke kawo ta gari, in ta sayar sai ta zauna a inuwar rumfa tana yi wa ƙwarya zane da ɗan ƙarfen da take zafafawa a garwashi. Baffa ya sha ajiye buroshi ya zuba wa hannunta ido, ya ce duk cikinsu ita kaɗai ce ba ta taɓa ɓata layi ba.

Lokacin da kuɗin man fetur suka shigo, motoci suka yi yawa har Baffa na mayar da aiki, wani jami'i ya zo daga ma'aikata da takardun cikewa, wai ana tattara sunayen masu fasaha saboda wani biki. Akwai gurbin da za a rubuta makarantar da mutum ya koyi sana'a. Kafinta ya ce barikin soja. Mai hoto ya ce ɗakin allura. Bafulatana ta ce bayan shanu. Jami'in ya fara gumi, ya ce shi fa ba wasa ya kawo shi ba, ya juya ga Baffa. Baffa ya ce ya rubuta ramin kuza, in gurbin ya isa ya ƙara da ƙofar sinima. Mutumin ya tattara takardunsa ya shiga mota, ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba. Amma waɗannan da ba su cika takarda ba, su ne bayan yaƙi suka haɗu suna yi wa iyayen sojojin da ba su dawo ba aiki. Uwa za ta zo da ɗan hoton da bai fi kan yatsa biyu ba, duk ya koɗe, mai hoto ya gyara, Baffa ya girmama shi a katako, kafinta ya sa firam. Su ma Baffa na ja musu layin, amma yakan ɓoye shi a bakin kwalar kaki yadda uwar ba za ta gani ba.

To, su ne suka tsaya a ƙofar baya ranar Laraba. Mai hoto ya ce in ba shi makulli na rabin awa ya ɗauki hoton zanen, ko an ƙona a samu abin tunawa. Bafulatana ta ce wane irin hoto, a ba ta katakon ta ɗora a ka ƙarƙashin ƙoren nono, kafin la'asar yana ruga, in Malam ya isa ya bi ta can. Har na kai hannu haɓar zane. Kafinta ne kaɗai ya tsaya gefe yana ta murza dungulmin yatsunsa. Da na tambaye shi, sai ya ce, "Malama, ki bari Malam ya gani da idonsa." Raina ya ɓaci. Na ce masa ashe cin amana ba ya jiran a yi bakwai. Na koma ciki na gaya wa Inna, tana zaune a tabarmar takaba. Ta ce in na sace zanen nan na raba gidan nan har abada, kuma Baffa bai taɓa yi wa wansa ɓoye-ɓoye ba, ko a faɗan ma a gabansa ya yi. Sai na fasa. Na ce da ni za a je, in ya so a ƙona mu tare.

Yanzu na zo wurin da na so in tsallake.

Ciwon Baffa ya ɗauki wata huɗu. Tarin ramin kuza ne ya haɗu da shekarun shaƙar fenti. Da ya kwanta sai ya ba ni makullin shago. Sau ɗaya ya karɓa, kwana goma sha biyu kafin rasuwarsa, ya sa kafinta ya ɗauke shi a keke wai zai je ya duba kayansa. Ya dawo bayan azahar ko tsayuwa ba ya iyawa, na yi masa faɗa na yi wa kafinta. Washegari ya kira ni ya ce, "Uwata, je ki ce wa Yaya ina son ganinsa." Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Na sami Baba a zaure yana zayyana. Na durƙusa na faɗi saƙo. Alƙalamin ya tsaya a hannunsa. Ya tambayi bango ko an ja layin. Jama'a, mutum na kwance yana aman jini, a ce tambayar ke nan. Na ce ba a ja ba, ba kuma za a ja ba, ko shi ya yarda ni ba zan bari ba. Ban duba ba. Ban tambayi kowa ba. Na faɗa ne kawai don in ƙona masa rai kamar yadda ya ƙona nawa. Baba ya mayar da alƙalami cikin tawada, na tashi na fita. Na ce wa Baffa na same shi da baƙi.

Bayan kwana biyar ya sake aikena. Wannan karon ko zuwa ban yi ba. Na zagaya ta bayan masallaci na tsaya ɗan jim, na dawo na ce ya ce zai duba. Baffa ya gyaɗa kai. Daga nan kullum in aka yi sallama a zaure sai ya ɗago ya saurara. A lokacin gani nake mutuncinsa nake karewa, kada ya roƙi wanda ba zai zo ba.

Ranar Alhamis aka yi sadakar uku, aka raba gumba da waina, aka shafa fatiha. Rana ta ɗan ɗaga Baba ya fito, kwalbar kananzir a hannu ɗaya, ashana a aljihu. Bai yarda kowa ya riƙe masa ba. Na yafa mayafi na bi bayansa, tsakaninmu kamar taku goma, har tasha. 'Yan tasha suka daina hayaniya. Mutanen rumfa uku suna tsaye a bakin shago. Na buɗe kwaɗon.

Shagon na nan yadda ya bar shi, gwangwanaye a jere, burosai a cikin kwalbar kananzir, alluna jingine a bango, waɗanda ba a karɓa ba da waɗanda ya yi don kansa. Baba ya ajiye kwalbarsa. Idonsa ya yi rauni, don haka sai ya riƙa ɗaukar allo ɗaya-ɗaya ya kai bakin ƙofa wurin haske, ya bi wuyan da yatsa. In ya sami layin sai ya ce wannan ya cika, ya ajiye gefe. Zaki, doki, wani ɗan dambe, wata jimina. Duk sun cika. Ya ɗauki lokaci, ba mai motsi. Saura guda ɗaya a can ƙurya, naɗe a zanen Iya, an ɗaure da igiya.

Na riga shi isa. Na tsaya a gabansa na ba shi baya. Ban san duk abin da na faɗa ba, amma na san na ce ya hana mutum ganinsa da rai, yanzu kuma zai bi shi da wuta. Na ce uwarsa ce fa. Mai hoto yana ta ce mini in yi haƙuri, ban ko ji shi ba.

Baba bai ɗaga murya ba. Bango ya kalla, kamar kullum.

"Ana tsammani ba na son ganin fuskar uwata? Shekara goma sha ɗaya ina sane da inda take. Amma ƙanena ne kwance a rami, ba shi da mai cire masa wannan sai ni. A matsa."

Ƙafafuna suka matsa da kansu. Ya ɗauko katakon ya kai bakin ƙofa, ya tsuguna, ya yi ta fama da ƙullin igiyar har kafinta ya miƙo masa wuƙa. Ya yaye zanen.

Iya na nan yadda na san ta, da kallabinta a karkace. A wuyanta akwai farin layi. Ba irin layin Baffa ba ne mai santsi kamar zare. Ya faro da kauri daga hagu, ya karkace, ya tsinke a tsakiya, aka sake ɗorawa, ya ƙare da ɗigo a kan kafaɗa.

Can Baba ya tambaya yaushe. Kafinta ya matso ya cire hula. Ya ce ranar da ya kawo shi a keke ne. Ya ce tun hantsi Baffa ke zaune gaban katakon da buroshi a hannu, ya kai ya janye, ya kai ya janye, sai gab da azahar ya ja, shi kafinta yana tallafe da gwiwar hannunsa. Ya ce Baffa ya sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba, don so yake Malam ya zo ya buɗe da hannunsa, ya gani a gabansa. Ya ce kullum yana zuwa dubiya yana jiran ya ji an ce Malam ya zo.

Baba ya juyo. Tunda nake a duniya ranar ce ya fara kallon idona. Bai tambaye ni komai ba, ni na faɗa. Na ce ban duba ba ranar da na ba shi amsa. Na ce ya sake aikowa, ban kai saƙon ba. Na jira ya zage ni, ko ya ɗaga hannu, wallahi da ya yi da na ji sauƙi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya mayar da kai ga katakon.

Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi wa Baffa addu'a. Allah ya yalwata masa makwanci, ya karɓi uzurinsa, ya haɗa shi da Iya a inda ba a raba kowa da kowa. In addu'ar ta yi saura, a sa da ni.

Baba ya zauna daɓas a ƙasan shago, cikin ɗigon tsohon fenti, da farar rigarsa. Ya jawo katakon kan cinyarsa. Ya lashi babban yatsansa ya fara goge layin, daga hagu inda ya fi kauri. Ya goga, ya sake lasa, ya goga. Ya sa bakin hannun riga. Kafinta ya sunkuya ya ce masa a hankali, Malam, fentin mai ne, ya riga ya bushe.

"Na sani," in ji Baba.

Bai daina ba. Muna nan tsaye aka kira azahar a masallacin unguwa. Aka jira liman, aka jira, har aka aiko a ga ko lafiya. Ranar na'ibi ne ya ja sallar.